Darasin Laraba a Tsibirin Yell

Yara tara gare ni,
goma in teku ta bar jirgin ruwa ya ƙetaro da Lowrie.
Nan ƙuryar arewacin Sikotilan
bishiya ba ta kai ƙugun mutum,
iska ce mai gari,
mu da tumaki zaman haya muke yi.

Laraba bayan abinci darasin zayyana da ƙere-ƙere ne.
Na ce musu, bana ba ruwana da roka.
Kowa ya je gida ya buɗe ido,
ya kawo mini abin da ke ba wani haushi.

Ertie ya kawo ƙofar shinge mai kuka.
Osla ta ajiye safa a kan teburina,
ƙwaya ɗaya, ta ulu, ruwan toka,
saƙar kakarta Baabie.
Na ce ina 'yar'uwarta?
Ta nuna taga da haɓa:
ta bi iska tun Litinin, ta yi Norway.
Maƙalin shanyar kanti ba na nan ba ne,
an yi shi ne don garin da iska ke da kunya.

To, ga kwali, ga gam, ga tsinken askirim,
ga ƙaramin zarto mai dokar yatsu a baya.
Zane tukuna, na ce, fensir kafin ƙarfe.
Ta zana abu mai kama da bakin kada.

Lowrie muka naɗa sarkin fanka.
Lamba ɗaya, safa ta yi rawa.
Lamba biyu, ta faɗa cikin tankin kifi.
Aji ya fashe da dariya, ban da Osla.

Na biyu ya tsage.
Na uku gam bai bushe ba, haƙuri ya ƙare.
Ni kuwa na hango inda gizo ke saƙar,
robar ta yi nisa da baki,
gyaran minti ɗaya ne a hannuna.
Hannun nan ya yi ta ƙaiƙayi.
Na cusa shi a aljihu,
na tafi duba ƙofar Ertie wadda ba ta buƙatata.
Shekara sha tara ina koyarwa,
wannan ne har yau ban gama koya ba.

Sati na huɗu ta gano da kanta.
Ta matso da robar, ta ninka ta uku,
ta yi wa bakin haƙora da abin goge katako.
Fanka ta ƙure lamba, safa ko gezau.
Muka fita bayan aji, inda ta gaske take,
hular Lowrie ta tafi, safa na nan.
Na rubuta mata madalla da jan biro, har da tauraro.

Laraba ta zagayo.
Ƙofa ta buɗe, sai ga Baabie da sandarta,
gyale ɗaure, takalman roba duk taɓo.
Ta ce, wa ya yi wannan mugun abu?
Kwana shida rigar barcina na kan igiya,
ya riƙe, na yarda, iska ta sha kashi,
amma ni ma na kasa cirewa.

Ta ɗaga hannu muka gani:
yatsu sun kumbura a gaɓa, sun karkace,
babban ba ya haɗuwa da manuni.
Mun auna iska har sau huɗu,
ba wanda ya auna wannan,
har da ni mai jan biro.

Osla ba ta ce uffan ba.
Ta jawo kujera, ta yago farar takarda,
ta kwantar da hannun kakarta a kai
ta bi gefensa da fensir a hankali,
tana tsayawa a kowace gaɓa.
A sama ta rubuta: na biyar.

Baabie ta ce fensirin na yi mata cakulkuli.
Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya tashi,
sai Lowrie, don jirgi ba ya jira.